Kitsen da Na Shafa wa Gogen Kakana

Kakana Lukmanu Mai Goge bai mutu ba, kada wanda ya ga na ɗauki biro ya fara shirya mini ta'aziyya. Yana nan unguwarmu ta Rumde Ajiya a Garwa, a bayan layin masu tsire, yana cin tuwonsa yana zagin gwamnati. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na yi masa wani abu, kuma bakin nan nawa, da duk Garwa ta shaida ba ya rufuwa, ya kasa faɗa a gaban mutane.

Ni ne Muhaimin, ɗan 'yarsa. Na yi lise, wato sakandare, har aji uku, sai muka rabu da makaranta ba tare da faɗa ba. Ita ta gaji da ni, ni na gaji da benci. Yanzu moto, wato babur, nake tuƙawa haya. Faransancina ya isa gardama da ɗan sanda, Fulatancina ya isa yi wa 'yan mata ƙarya, Hausa kuwa ita muke ci da sha a gida. Tsakanina da tsohon nan wasan jika da kaka ne. Ina ce masa Tsoho, yana ce mini Ja'iri, kuma tun ina shekara biyar nake yi masa barazanar ƙwace matarsa, Kaka Ƙaltume, wadda har yau take kirana maigida.

A Bibemi aka haife shi, gidan mahauta. Ubansa ya riga ya ware masa wuƙa. Yana ɗan shekara goma sha biyu sai wani mai goge ya sauka garin tare da fataken shanu, ya yi kiɗa kwana uku, ya tafi, Lukmanu ya bi bayansa da rigar da ke jikinsa. Uban ya aika masa cewa hannun da ya riƙe goge kada ya sake taɓa wuƙarsa. Mai gogen kuma ya ce masa hannun da ya taɓa kitse kada ya kusanci gogensa. Tsoho yakan ce wannan ne kaɗai abin da mutanen biyu suka taɓa yarda a kai.

Maganar kitsen ba tsafi ba ce. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗaura mata igiya guda ta gashin wutsiyar doki, wadda ake kira tsagiya. Bakan da ake gogawa shi ma tsagiyar ce. Ana shafa musu ƙaro don gashi ya kama gashi, kamun nan shi ne kukan goge. Idan maiƙo ya taɓa wurin, baka sai ya riƙa zamewa, ba sauti, kuma babu sabulun da zai fitar da shi. Sai dai a yanke a sake sabuwa. Shi ya sa ɗan mahauci guda, shekara sittin, da tsinke yake cin nama, kuma sai ya wanke hannu da toka kafin ya buɗe jakar gogensa. Mahautan Garwa duk abokansa ne, su ne ma manyan masu gayyatarsa, amma babu wanda ya taɓa riƙe gogen nan ko da wasa.

A zamaninsa mutum shida yake ja. Masu ƙwarya biyu, mai kalangu, mata biyu masu amshi, da Louis mai gita, Kirista ɗan ƙabilar Mundang da ya tsinto a wani gidan rawa. Orkes suke kiran kansu, shi kuma Shef. Sun yi gidajen rawa, sun yi bukukuwa, lokacin sayar da auduga kuwa sai su yi wata guda suna zagaya ƙauyuka. Ba ya waƙa, ba ya magana a fage. Da baka yake mulki. Ya karkata wuyan hannu, ƙwarya ta sauka ƙasa. Ya girgiza shi, a ƙara wuta. Ya ɗaga bakan sama, kowa ya tsaya cak, ko da ana tsakiyar daɗi. Mutanensa ba sa kallon masu rawa, wuyan hannunsa suke kallo.

Sai kuma take. Duk wani mai suna a harkarsa yana da nasa kiɗan, wanda Tsoho ya ƙirƙira masa shi kaɗai. Da mutum ya shigo fage ya tsaya a gabansa, sai ya ɗaga baka, ya yanke abin da ake yi, ya buga masa takensa. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Yana da sama da ɗari biyu a kansa. Da yawa masu su sun mutu, 'ya'yansu ke amsawa.

Yanzu cikin shidan saura biyu: Louis, da ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa, da Babagana mai ƙwarya, wanda ya shekara arba'in yana zaune a hagunsa.

Kunnen ya fara tafiya ne shekara uku da suka wuce. Da farko muna dariya. Ka ce masa an kawo shayi, ya ce wane Shu'aibu. Na kai shi lopital a kan moto, likita ya leƙa, ya ce jijiya ce, ba ta dawowa. Aka samo masa wani ɗan abu da ake maƙalawa a kunne, ya yi masa fito kwana biyu, ya cire ya jefa cikin kwallar Kaka Ƙaltume, yana can har yau tare da allurai.

Gitar Louis tana da ƙarafa a wuya masu nuna wa yatsa inda zai sauka. Goge ba shi da ko ɗaya. Kunne ne ke gaya wa yatsa wurinsa. Da kunnen ya tafi, yatsun suka ci gaba da gudu kamar da, amma kowane yana sauka kusa da gida, ba cikin gida ba. Kiɗan ya koma kamar ƙofar kwano a lokacin iska. Babu wanda ya gaya masa. Wa zai fara? Louis ya riƙa ƙara wa gitarsa murya don ya rufe shi. Gayyata ta ragu, ta ƙare. Tsoho ya ɗora laifin a kan yaran nan masu zuwa biki da kwamfuta, mu kuma muka taya shi zaginsu.

Ana nan sai ga saƙo daga Pitowa. Alhaji Oumar, dillalin shanu, zai yi wa ɗansa aure, kuma yana so a buga masa taken mahaifinsa marigayi, a hannun wanda ya ƙirƙira shi. Rabon Alhaji Oumar da jin gogen Tsoho ya fi shekara goma. Tsoho ya amsa nan take. Ya sa aka wanke babbar rigarsa, ya yini yana shafa ƙaro.

Muka haɗu mu uku a shagon Louis, cikin gawarwakin rediyo.

"A Garwa an saba, ana yi masa kara," in ji Louis. "Amma Pitowa da ƙarfinsa suka san shi. Can ne aka taɓa ɗaukarsa a kafaɗa. Idan ya ja bakan nan sau ɗaya, dariya za su yi."

"To ka gaya masa mana," in ji ni.

"Ni? Mutumin da ya saya mini takalmin farko a rayuwata? Kai ne jikansa, kai aka yarje wa rashin kunya."

"Rashin kunyar wasa aka yarje mini. Wannan ta gaske ce."

Babagana yana ta juya zoben da yake buga ƙwarya da shi.

Sai idona ya faɗa kan wani tsohon kaset a kan kanta, da hoton Tsoho yana da gashi baƙi. Louis ya ce na shekarar tamanin da takwas ne, ya ma juye shi a waya, kuma taken mahaifin Alhaji Oumar na ciki, minti goma sha ɗaya. Ya kunna mana. Ban taɓa jin kakana haka ba. Gogen yana magana kamar mutum, yana tsokana, yana lallashi. Nan take shaiɗanin da ya kore ni daga lise ya raɗa mini dabara.

"A kashe muryar gogen," na ce. "Ya ja bakansa, ba sauti, mu saki wannan ta lasifika. Shi ba ya ji, su kuma su ji abin da suka zo ji."

"Da me za ka kashe shi?" Louis ya tambaya.

"Layin masu tsire muke zaune."

Babagana ya ɗago. "Yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Baba, kana da wata dabarar?"

Ya mayar da ido kan zobensa. Louis ya ce Shef zai gane. Na ce mutumin da tirela ta yi wa oda a ƙeya bai waiwaya ba, me zai gane? Suka yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin sa hannu.

Ranar Asabar da safe, yana banɗaki yana wanka, na shiga ɗakinsa da ɗan kitsen saniya a takarda. Na buɗe jakar. Rabona da taɓa gogen tun ina ƙarami, ranar da na sha dukan da har yau nake tunawa idan zan zauna. Na murza kitsen a yatsa, na bi tsagiyar bakan daga sama har ƙasa, sau uku. Na ja shi a kan igiyar. Wani ɗan huci kawai ya fito. Ina juyowa sai ga Kaka Ƙaltume a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dubi hannuna, ta dubi gogen, ta daɗe.

"Maigida," ta ce a hankali, "je ka wanke hannunka da toka kafin ya fito."

Ashe ita ma kunnenta ya gaji da ƙofar kwanon, ta rasa yadda za ta yi ne.

Na ɗauke shi a moto, jakar a rungume a ƙirjinsa, Louis da Babagana suka bi motar kasuwa da lasifika. Muna fita gari ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ja'iri, kana warin tsire."

"Karyawa na yi," na ɗaga murya.

"Me?"

"Na ce matarka ce ta saya mini."

Bai yi dariya ba, na ɗauka bai ji ba ne.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyoyin ƙofar gidan Alhaji Oumar. Rana tana dukan mutane, amma an cika. Mahauta, dillalai, manoman auduga, tsofaffin da suka zo da kujerunsu. Ana ta gaishe shi da Fulatanci, "Jam na, Baba Lukmanu?" yana ɗaga musu hannu kamar gwamna. Louis ya kafa makirufo a gaban gogen, igiyarsa kuwa ba a haɗe take da komai ba. Ni na zauna a bayan lasifika da wayar da aka juye kaset ɗin a cinya.

Tsoho ya zauna, ya gyara riga, ya ɗora gogen, ya ja baka. Hannun ya ɗan tsaya, kamar ƙiftawar ido. Ya dubi Louis, ya dubi Babagana, sannan ya ci gaba. Na danna waya.

Abin ya ci. Wallahi ya ci. Gogen tamanin da takwas ya cika fagen, mata suka rangaɗa guɗa, Alhaji Oumar ya miƙe da sandar kiwo yana rawar ubansa, hawaye na bin gemunsa. Wani tsoho kusa da ni yana cewa ai hannu irin wannan ba ya tsufa. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara tunanin wane biki za mu kai dabarar nan gaba. Na lura da abu ɗaya dai, ban ba shi muhimmanci ba. Shekara arba'in Babagana ke kallon wuyan hannun Tsoho. Ranar nan Tsoho ne ya kafa ido a kan hannun Babagana, yana bin bugunsa.

Mun kai wajen minti bakwai sai taro ya dare, wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Hadje Ache ce, 'yar garin Kuseri, wadda a da ita ce tauraruwar rawa a fagen orkes ɗin, yanzu tana sayar da turaren wuta a kasuwar Pitowa. Babu wanda ya tuna da ita a cikinmu lokacin da muke ƙulla abinmu a shago. Ta taka har tsakiyar fage, ta tsaya a gaban Tsoho, ta gyara mayafi, tana jira.

Ya ɗago ya gan ta. Na ga idonsa ya bar hannun Babagana. Na san abin da zai biyo baya, amma yatsana ya mutu a kan waya.

Ya ɗaga bakan sama.

Hannun Babagana ya tsaya, domin shekara arba'in haka aka koya masa. Louis ya dafe igiyoyin gita. Baka yana sama, a fili, kowa na gani, gogen kuma yana ci gaba da kuka daga lasifika, yana ta zuba taken mutumin da ya mutu.

Alhaji Oumar ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Wani daga baya ya ce, "Yau ga goge mai kiɗa da kansa." Dariya ta fara daga wajen samari, ta bi layi. Na yi ta dannawa, waya ta ƙi, har sai da na fizge igiyar lasifikar. Sai shiru.

Tsoho bai san an yi shiru ba, ko kuwa ya sani, ban iya rantsewa. Ya sauke bakan a kan igiya ya shiga taken Hadje Ache. Yatsun suna gudu, kafaɗa tana aiki, wuyan hannu na karkata yadda ya saba. Abin da ke fita kuwa huci ne kawai, kamar ana share tabarma da tsumma. Mutum ɗari uku suna tsaye suna sauraren wannan.

Babagana ne ya fara shiga da ƙwarya, a hankali, idonsa a kan wuyan hannun. Hadje Ache ta sunkuya tana kallon yatsun.

"Nawa ne," ta ce. "Na gane shi."

Ta miƙa wa wata mata sandarta, ta buɗe hannuwa, ta taka. Taku shida ko bakwai ta yi, gwiwa ta ƙi, aka riƙe ta. Babu wanda ya yi guɗa. Masu dariyar ma sun daina, kuma na fi son dariyar a kan abin da ya maye gurbinta.

Alhaji Oumar ya zo ya durƙusa a gaban Tsoho. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. "Baba, da an gaya mini halin da ake ciki, da ni na zo har gida na gaishe ka. Ba sai an yi wa taken mahaifina haka ba."

Tsoho ya juyo ya neme ni da ido. "Ja'iri, me ya ce?"

Dole na taso a gaban jama'a, na kai baki kunnensa. "Ya ce an gode, Allah ya saka."

"Bakinsa ya fi haka daɗewa yana motsi," in ji Tsoho. Ya mayar da gogen cikin jaka, ya ɗaure bakinta, ya miƙe.

An kawo mana abinci, ba mu ci ba. A hanyar dawowa, daidai inda ake hango duwatsun Tingilin, ya daki kafaɗata na tsaya. Ya sauka ya zauna a kan wani dutse a bakin gonar auduga, ya nuna mini gefen kunnensa na dama, wanda ya ɗan fi. Na tsuguna a wurin. Duk abin da na faɗa da ihu na faɗe shi, manyan motoci na wucewa.

"Tun a ɗaki na ji warin," ya ce. "Ɗan mahauci ne ni. Kitsen saniya ne, na wajen ƙoda. Da na ja kuma, sandar ba ta yi rawa a hannuna ba. Kunne ne ya tafi, Ja'iri, hannu yana nan."

"To me ya sa ka ci gaba?"

"Na dubi Louis, ya sunkuyar da kai. Na dubi Babagana, ya sunkuyar da kai. Na ce mutum uku sun shirya abu, wataƙila sun ji abin da ban ji ba. Sai na bi."

"Da ka bi har ƙarshe, Tsoho. Saura minti huɗu. Me ya kai ka ɗaga baka?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake sallama. "Ache ta tsaya a gabana."

Ya juya yana kallon titi. Wata mota ta wuce da shanu.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na gane tambayar, na yi kamar ban gane ba. Ya maimaita.

"Shekara biyu. Da ɗan wani abu."

"Bikin sunan jikar Sarkin Pawa?"

"Har da shi."

"Bikin gidan Mahamat mai kilishi, da aka yi ta tafi?"

"Gitar Louis suke tafa wa."

Ya gyaɗa kai. Na jira zagi, na jira mari, na ma matso da kumatuna kusa don kada ya sha wahala. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Shekara biyu ina tsaye a gaban mutane ba wando, ku kuna gyara mini hula." Can kuma ya ce, "Wanda ke cikin akwatin lasifikar nan, ya iya?"

"Ya iya, Tsoho. Ban taɓa jin irinsa ba."

"Ya iya," ya ce. "Sai dai bai san wanda ya shigo ba."

Kwana goma bai yi mini wasa ba. Na ce zan gudu da matarsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Jakar tana rataye a ƙusa. Louis ya zo sau biyu ya zauna a zaure, suka sha shayi, ba wanda ya ambaci Pitowa. Babagana bai zo ba sam, ya aiko da goro.

Na ce bari in gyara abin da hannuna ya ɓata. Sabuwar tsagiya ba a kanti ake sayenta ba. Sai ta ingarma, domin ta goɗiya fitsari na jiƙa ta, ba ta da ƙarfi. Na yi mako uku ina yawo, ina barin fasinja a titi. Duk mai dokin da na ce wa ina son gashin wutsiya sai ya ja dokinsa baya ya fara karanto addu'a, a zatonsa asiri zan yi masa. A ƙarshe na samu wani Bafulatani a wani ƙauye gaba da Bibemi, wanda ya taɓa rawa da kiɗan Tsoho yana saurayi. Da na faɗi sunan, da kansa ya ɗauko almakashi. Dokin dai bai san Tsoho ba, ya bar mini shaida a cinya.

Na kawo na ajiye a gaban Tsoho. Ya warware, ya shinshina, ya ja gashi ɗaya tsakanin haƙora.

"Ingarma ne," ya ce. "Ashe kana da amfani."

Ya wanke hannu da toka. Ya yanke tsohuwar ta baka da ta jikin gogen, ya ba Kaka Ƙaltume ta jefa a murhu. Ya yini yana tsefe sabuwar, yana jerawa, yana ɗaurewa. Ya shafa ƙaro. Da la'asar ta yi sanyi ya kira ni, ya ce in zauna a gabansa, daf, inda zai ga fuskata.

"Ba ruwana da bakinka," ya ce. "Bakinka maƙaryaci ne. Fuskarka zan kalla."

Ya ja baka, ya sauke yatsa ɗaya. Gogen ya yi kuka, da ƙarfi, har kajin gida suka watse.

"Daidai?"

Ina da amsoshi goma na ban dariya a kan harshe. Na haɗiye su. Na girgiza kai.

Ya matsar da yatsan kaɗan. "Yanzu fa?"

"Ya wuce."

Ya dawo da shi. "Yanzu?"

A nan ne na gane wani abu da ban yi lissafinsa ba. Na san ba daidai ba ne, wannan ko akuya ta sani. Amma inda daidai ɗin yake, sama ko ƙasa, kusa ko nesa, ban sani ba. Na girma a gidan nan kiɗan yana shiga kunnena kamar ƙarar injin niƙa, ban taɓa zama na saurara ba. Na je na ɗauko Louis washegari. Shi ya san wurin, ya kama yatsan Tsoho ya ajiye a kai. Sauti ɗaya ya fito tsaf, mai kyau, har Kaka Ƙaltume ta leƙo daga madafa. Sai Tsoho ya ɗaga yatsan zai tafi na gaba, da ya dawo kuma wurin ya ɓace. Take ɗaya yana da irin wannan saukar fiye da ɗari. Louis ya share ido da bayan hannu, ya ce ya bar shago a buɗe.

Ni dai ban da shagon da zan ce na bari. Kullum da safe kafin in fita da moto, sai ya wanke hannu da toka, ya kira ni, in zauna a gabansa. Taken Hadje Ache yake nema, ya ce yana so ya kai mata har rumfarta ranar Lahadi da kasuwar Pitowa ke ci, tunda ranar nan ta tsaya a gabansa ba ta samu ba. Lahadi tara ke nan suna wucewa. Yakan ja, ya kalle ni, in girgiza kai. Ya sake ja.

Jiya na gaji, fasinja na jirana a bakin titi, sai na gyaɗa masa kai tun a ja na biyu. Ya daɗe yana kallona.

"Ja'iri," ya ce, "gyara fuskarka. Mu sake."